Wai in aka ƙara wa haƙori tsayi, me ke samun guringuntsin muƙamuƙi?

Ɗalibar haƙori:
Salam jama'a, dan Allah masana a taimaka min. Na ga a gwaje-gwajen da ake yi da ɓeraye ana liƙa musu resin (wani ƙaro mai daskarewa da ake cike haƙori da shi) a kan turamen haƙora dan cizon ya ƙara tudu, bayan 'yan makonni sai a tarar guringuntsin mahaɗar muƙamuƙi ya canza. Nidai abin ya ɗaure min kai, ya za ai ɗan abu kamar kaurin farce a baki ya taɓa gaɓar da ke can gindin kunne?

Malamin anatomi:
Wa alaikis salam ƙanwata. Ai guringuntsin nan ba jijiyar jini a cikinsa, matsewa da sakin da ake yi lokacin tauna ne ke tura masa ruwan gaɓa yana samun abinci, to kinga da an ɗaga cizo kan ƙashin muƙamuƙin da ke cikin gaɓar sai ya ɗan gusa daga mazauninsa, nauyi ya koma inda bai saba sauka ba, sai ƙwayoyin da ke ƙarƙashin shimfiɗar saman guringuntsin su ƙara hayayyafa ko su ja baya. In dabbar ƙarama ce tana kan girma yawanci guringuntsin sabawa yake, har ya ƙara kauri. Wani masanin haƙori mai suna McNamara ya nuna haka a birai a Jami'ar Michigan wajen 1979, da na'urar da ke turo haɓa gaba. Amma in tudun ya zama gefe ɗaya, ko yai yawa ya daɗe, nan ne ake ganin guringuntsin ya sirance, kolajin nau'i na 2 (furotin ɗin da ke ba shi ƙarfi) ya ragu, ƙashin ƙarƙashinsa ya fara zaizayewa. Kai ko abinci mai laushi zalla ka riƙa ba ɓera sai guringuntsin ya rage kauri.

Likitan dabbobi:
Malam ya gama magana, saidai a yi hattara da ɓera fa. Haƙoransa 16 ne, ba fiƙa, na gaba kuma ba sa dena tsiro har ya mutu, sannan muƙamuƙinsa gaba da baya ya fi zamewa. Ni ban yarda a ɗau sakamakonsa a ɗora wa mutum kai tsaye ba gaskiya.

Ɗalibar haƙori:
Allah ya ƙara sani Malam. To in aka cire resin ɗin fa, komawa yake daidai?

Malamin anatomi:
In an cire da wuri yakan farfaɗo, musamman a ƙanana. Tsohon ɓera kam da ƙyar.