Yaya ake sa matashi ya fara motsa jiki kuma ya ɗore?

Maman 'Yan Biyu, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawara a kan yara biyu, mace da namiji, 'yan shekara 15. Daga boko sai Islamiyya, daga nan sai waya har dare. Namijin yakan fara gudu da zafinsa, kwana uku sai ya ce cinyoyinsa na ciwo, shi ke nan an bar maganar. Macen kuwa ko tayin fita ba ta karɓa. Da me za su fara, minti nawa, kuma yaya abin zai zame musu jiki?

Kocin Unguwa, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan ciwon tsamin jiki ne. Yakan taso washegarin aikin da jiki bai saba ba, ya yi tsanani a rana ta biyu, ya lafa cikin 'yan kwanaki. Yaron ya ɗauko da zafi ne kawai.

Sati biyun farko ya fita sau uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Ya ɗumama jiki da tafiya mai sauri ta minti 5, sannan sassarfa minti 1, tafiya minti 2, ya maimaita sau 6, ya rufe da tafiyar minti 5. Sati na uku da na huɗu ya juya lissafin, sassarfa minti 2, tafiya minti 1. Ma'aunin ba ya buƙatar na'ura: idan yana iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba, yana kan daidai. Idan maganar ma ta gagara, ya rage. Ranakun da bai fita ba, sai ya yi tsugunna-tashi sau 10, ya tura ƙasa da hannu sau 5 zuwa 8, zagaye biyu. In ya kasa, ya dafa gwiwoyi a ƙasa ya yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana so 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu kimanin minti 60 na motsa jiki a rana, da aikin ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana uku a mako. Amma can za a je, ba daga can ake farawa ba. Kuma tafiya Islamiyya da ƙafa cikin sauri, hawa keke da ƙwallon layi duk suna cikin lissafi.

Abu ɗaya nake roƙo: kada a mayar da motsa jiki horo. Yaron da aka saba sa shi tsallen kwaɗo in ya yi laifi, gwale-gwale kawai yake gani a cikin abin.

Anti Mai Koyarwa, Barnawa:
Koci ya gama da namijin, bari in taɓa macen. Ƙin fitar nan galibi kunya ce, ba lalaci ba. A wannan shekarun jiki na canzawa, ba ta son idon mutane. Tsakar gida ta ishe ta. A samo igiya, ta taka tsakiyarta, bakin biyu su kai hammata, tsawon ya yi ke nan. Tsalle daƙiƙa 30, hutu daƙiƙa 30, sau 5 a farko, a hankali a kai sau 10. Ta sa kambas, ta riƙa sauka a kan gaban tafin ƙafa. Silifas a kan siminti shi ke kawo ciwon ƙwauri.

Hajiya ki saya mata rigar mama mai riƙe ƙirji sosai. 'Yan mata da yawa a kan wannan suke daina tsalle, kuma ba za su faɗa ba. Lokacin al'ada in tana jin ƙarfi ta yi tafiya da miƙe jiki, yakan rage ciwon mara. Kada kuma a haɗa mata zancen da ƙiba, ko da wasa. Daga nan ne wasu ke fara ƙin abinci. A gayyato ƙawa ko 'yar maƙwabta su riƙa yi tare, ko 'yar gala-gala ce su tuna da ita.

Ma'aikacin Jinya, Kawo:
Mai sikila, mai asma, da wanda ya taɓa suma ko ciwon ƙirji yana cikin wasa, sai likita ya duba shi tukuna. Da hunturu ƙura na tayar da asma, mai ita ya riƙe abin shaƙarsa, ranar da hazo ya yi yawa ya yi nasa a ɗaki. Zafin Maris da Afrilu kuwa sai da sassafe ko dab da magariba. Ledar fiya wata ɗaya rabin lita ce: a sha kafin fita, a riƙe wata. Fitsari in ya yi ruwan ɗorawa mai duhu, ruwa ya yi kaɗan a jiki. Da azumi a bari sai bayan an sha ruwa abinci ya faɗa.

Tsamin jiki daban, ciwon gaɓa daban. Idan ƙasan ƙoƙon gwiwa ya kumbura yana ciwo in an danna, abin da ke samun yara masu tasowa ne, a rage tsalle da gudu a kai shi a duba. A kuma sa ido in namijin ya fara zuwa wurin ɗaga ƙarfe. Ba ya buƙatar hodar ƙara tsoka, balle taramol da wasu ke sha wai don ƙarfi. Wake, ƙwai, gyaɗa, awara da nono sun wadatar. Sai barci, awa 8 zuwa 10. Wanda ya kai ɗayan dare a kan waya ba zai tashi gudu da asuba ba.

Maman 'Yan Biyu:
Allah ya saka da alheri. To in an fara jarrabawa fa? A nan komai ke rushewa.

Kocin Unguwa:
A rage, kada a yanke. Minti 10 ma ya isa ya riƙe sabon. Ki jingina lokacin da abin da ba ya tashi, kamar dawowa daga sallar asuba, ko yammacin Alhamis da Juma'a in Islamiyyarsu na hutu. Su manna takarda a bango suna sa alama duk ranar da suka yi. Zuwa Dandalin Murtala, babban filin wasanni na Kaduna, da safiyar Asabar ya zama na marmari, amma na kullum ya kasance filin da za su kai da ƙafa, don ranar da babu kuɗin Keke Napep ba za a je ba. In sun yi fashin sati biyu, kada a yi faɗa, su koma tsarin satin farko.