Kulkin Da Bature Ya Bari: Musayar Baitoci

Baba Mai Rini, Ƙofar Mata

Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya bayan la'asar na bi ta Kabuga a adaidaita, na ga masu kaki uku sun zagaye wani matashi mai tura baro, ɗaya na sauke masa kulki a gadon baya, shi kuwa ba abin da yake cewa sai "ku yi haƙuri". Mutane na ta wucewa. Ni ma ban ce wa direba ya tsaya ba, abin da ya hana ni barci ke nan. Ga abin da na rubuta kafin asuba, mai amsa ya amsa.

Na fara da sunan Sarki Allah,
Wanda ba ya zaluntar kowa.

Salati ga Ɗaha ɗan Amina,
Mai ceton bayi ranar tsayuwa.

Ƙofar Kabuga, ke igwar Bature ta fasa,
1903, Fabrairu na kamawa.

Sarki Alu ya tafi Sakkwato,
Ganuwa ta kasa tarewa.

Waziri Ahmadu a Kwatarkwashi
Ya faɗi a fage, ya ƙi juyawa.

Alu aka kai Yola, aka kai Lakwaja,
Can ya cika, bai ga dawowa.

Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta a Burmi,
Satiru aka yi wa sharewa.

Haraji ya koma sai da tsaba,
Ka noma gyaɗa ko ka sha ɗaurewa.

Dalar gyaɗa ta tashi a bakin dogo,
Mai noman na kwana da yunwa.

Gidan yarin Kurmawa na bayan fada,
Tun 1910 yake ta haɗiyewa.

A 1960 Bature ya naɗe tabarma,
Kulkinsa kaɗai ya ƙi ɗaukewa.

Ni tsoho ne, hannuna duk shuni,
Ƙarfina kullum sai raguwa.

Mutum guda me zai iya, 'ya'yana?
Ku ba ni amsa kafin mutuwa.

Ɗan Gwammaja

Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Ba jayayya zan yi da furfura ba, amma a bar ni in faɗi tawa.

Baba na ji, kuma na rusuna,
Amma laifin yau na wuyanmu.

Shekara sittin har da ɗoriya,
Tutarmu ce ke kaɗawa a samanmu.

Agustan 2024 aka fito kan yunwa,
Mai jan kunama ɗan gida ne, namu.

Amnesty ta ƙirga rai 24,
12 daga ciki a Kanonmu.

Hukuma ta ce ba haka aka yi ba,
Ƙasar maƙabarta ce shaidarmu.

Yara aka kwasa har Abuja,
Wata uku a tsare, ƙannenmu.

Ran 1 ga Nuwamba gaban alƙali
Suka zube don yunwa, a kan idonmu.

Belin yaro naira miliyan 10,
Wa ya taɓa riƙe ta a layinmu?

Ba Gwamna Lugga ne ya sa hannu ba,
Ya daɗe a kabari, mu dubi kanmu.

Malama, Yakasai

Ɗana ka faɗi gaskiya, Baba ma gaskiya ya faɗa. Shekara 22 ina koyar da tarihi a sakandare, kuma nan ne yara suka fi shan wuyar ganewa: a sa namu ya buge mu, ai shi ne tsarin tun ranar farko. Tawa ƙwar huɗu ce.

Razdan a Nasarawa ya zauna,
Ba ya shiga lungu ko gona,
Umarni yake bayarwa, ɗana,
Hannun namu ke riƙe tsumagiya.

Ɗan doka ɗan unguwarku ne,
Alƙalin ma malaminku ne,
Mai karɓar jangali naku ne,
Ribar ce ke tafiya Birtaniya.

Dokar 'yan sanda ta 1943,
Ita ta mulki kakanninku,
Sai 2020 aka sauya muku,
Takarda sabuwa, hali na jiya.

Amma Kano ba ta yi shiru ba,
8 ga Agustan 1950 ba mu manta ba,
Mutum takwas ne, ba runduna ba,
Suka kafa NEPU, suka ɗaga murya.

Malam Aminu na unguwarka,
Shi ya cire tsoro a ran talaka,
An ɗaure su, an yi musu duka,
Suka ƙi yar da katin jam'iyya.

Gambo Sawaba, a tuna da ita,
Sau 16 ana ɗaure ta,
In ta fito sai ta maimaita,
Ta koma dandali, ba ja da baya.

Abin da suka shuka ya nuna,
Da Rimi ya hau kujerar gwamna,
Ya soke haraji, aka yi murna,
A 1979, da jangali gaba ɗaya.

Tsohon Saje, Sheka

Na daɗe ina karatu a zauren nan ban taɓa cewa uffan ba. Shekara 35 na yi da kaki kafin in yi ritaya. Baitocin Baba sun taɓa ni, domin hannun nan nawa ya riƙe kulkin da ake magana. Allah ya yafe mana.

Malama kin taɓo inda ke ciwo,
Ni na san abin da ke cikin kaki.

An koya min gadin babban mutum,
Talaka kuwa a nuna masa kulki.

Ɗaki ɗaya ni da 'ya'ya shida,
Rufi na yoyo a bariki.

Wannan ba hujja ba ce gobe,
Ran da hannu zai buɗe baki.

Na mari wani dattijo a shingen hanya,
Har yau ina ganin sa a mafarki.

To ga wanda muke shakka, ku riƙe:
Mutumin da ya san doka da haƙƙi.

Awa 24 a kai ka gaban kotu,
Sashe na 35, tsarin mulki.

In kotun na nesa, kwana biyu,
Abin da ya ɗara ya saɓa ƙa'idar aiki.

Beli kyauta ne, haka doka ta ce,
Abin da ake karɓa wuta ce a ciki.

Ba a kama uwa don ɗa ya gudu,
Dokar 2020 ta taka birki.

Azabtarwa laifi ce tun 2017,
Har shekara 25 ga mai mugun aiki.

Kada ka je kai kaɗai, tafi da mutane,
Da sanyin murya, ba zagi ba tsaki.

Rubuta suna da lamba da lokaci,
Biro na sauke oga daga kan doki.

Maman Yara, Kurna

Saje, Allah ya karɓi tubanka. Sai dai doka a takarda daban, tsakar dare daban. Bara aka zo neman babban ɗana kan rigimar waya, ba a same shi ba, aka tafi da ƙaninsa mai shekara 16.

Ƙarfe biyun dare aka bugi ƙofa,
Ko takalmi bai sa ba, ɗana.

Na tuƙa tuwo na kai a kula,
Aka ce in ajiye in koma gidana.

Kwana uku ina gindin darbejiya,
Ba wanda ya ko tambayi sunana.

Aka ce in kawo dubu hamsin,
Na kwance 'yan kunnen aurena.

Maƙwabciya ta ce min dakata,
Ta bi gida-gida a layina.

Liman ya zo, mai unguwa ya zo,
Mata bakwai suka zauna gefena.

Wata 'yarmu mai karatun lauya
Ta kira hukumar kare haƙƙi a gabana.

Kafin magariba aka fito da shi,
Sisi ban bayar ba, ga 'yan kunnena.

Amma har yau in mota ta tsaya,
Sai ya farka ya riƙe zanina.

Akwai ɗan wata kuma a hannu yanzu,
Marar gata, shi ne a raina.

Wannan na ƙarshen almajiri ne mai wankin hula a bakin titinmu, iyayensa na ƙauye. An kai shi kotu, an ba da belinsa tun watan jiya, amma babu mai tsaya masa. Ranar Litinin za a sake zama.

Ɗan Gwammaja

Mama kin sa jikina ya yi sanyi. Na haddace lissafin na Abuja, ga na Kurna a kusa ban sani ba.

Turo min sunansa ta bayan fage,
In nemo lauya cikin abokanmu.

Adaidaita tawa ce, mai na ciki,
Litinin da sassafe zan kwashe mu.

Baba Mai Rini, Ƙofar Mata

Alhamdu lillahi, Allah ya yi muku albarka. Saje, na sa jikata ta kwafe min baitocinka da manyan baƙaƙe, na ninke na sa a aljihun gaba.

Yaron Kabuga ban san sunansa ba,
Wannan bashin ba ya biyuwa.

Amma na Kurna ina da hali,
Takardar gidana na cikin durowa.

Litinin zan bar karofi a rufe,
Shunin ya jira ni har dawowa.

Maman yara ki aika wa yaron,
Tsoho zai tsaya masa, in da rayuwa.

Ɗan Gwammaja biyo ƙarfe bakwai,
Zan jira ka a bakin ganuwa.