Shawarwari kan ɗaukar hoton tsofaffin takardun Sakkwato

Ma'aikatan laburare da malaman da suka tattauna kan waɗanne takardu za a fara ɗaukar hotonsu sun fi tsayawa kan abu guda: a fara da takardun da gara da danshin damina suka soma ci. Littattafan Shehu Usmanu da Muhammadu Bello suna da kwafi da yawa, har a gidan tarihi na Waziri Junaidu. Abin tsoro wasiƙun alƙalai ne da waƙoƙin ajami da ke cikin gafaka a gidaje, kuma masu wannan shawara sun yi gaskiya.

Takardun ba a ɗinke suke ba, sai a ɗauka bi da bi, ana duba kalmar da marubuci ya bari a ƙasan shafi, wato kalmar farko ta shafin da ke biye. Kyamara daga sama, kada a danne takarda. A nemi izinin magada, a ba su kwafinsu, wani kwafin a ajiye a wani gari.