Gudun sanyi a Amurka: wace jiha za a kai iyali?

Wani magidanci da sanyin jihar Minnesota ya ishe shi ya nemi shawara. Yawancin masu ba shi shawara Texas suka ce masa: ba a cire harajin jiha daga albashi, kuma birnin Houston na jihar cike yake da 'yan Najeriya, ga masallatai da naman halal. Amma an ja kunnensa cewa harajin gida can yana da nauyi, kuma guguwar Harvey ta 2017 ta nutsar da unguwanni, don haka ya duba taswirar ambaliya. Florida kuwa inshorar gida ce ke cin aljihu.

Shawarar wata uwa ta fi kwanta mini: su kama haya shekara guda tukuna, su ɗanɗana zafin Agusta, su binciki makarantar unguwa, tunda adireshi ne ke zaɓar wa yaro makarantar gwamnati.