Kwaroron roba ko me? Jibi zan miƙa rubutu

Mai shirin lafiya, Gombe: Salamu alaikum 'yan uwa. Ran 1 ga Disamba, ranar yaƙi da ƙanjamau ta duniya, ina da shiri a rediyo don matasa da iyayensu, kuma jibi da safe zan miƙa rubutun. Kalma biyu suka tsaya mini a wuya. Kwandom: "kwaroron roba" zan ce? Sai sunan darasin kansa. Bara da na ce "ilimin jima'i", ban ko rufe baki ba wani dattijo ya bugo waya, wai lalata muke koya wa yara.

Ungozoma: Kwaroron roba mana, ƙanwata. Shi muke faɗa a asibiti, kowa ya san shi.

Malamin Hausa, Azare: Ban yarda ba. "Roba" Turanci ce aka sa wa hula. Muna da "kube", gidan wuƙa da takobi. A ce "kuben kariya". Gajere ne, ga kunya, ga asali.

Ungozoma: Malam, da asibiti da rediyo da allura, wanne kakanninmu suka raɗa? Kuma kalmar roba aiki take mini. Da na ce roba ce, nan take yaro zai gane dalilin da zafi ke lalata ta in ta yi wata a aljihun baya, balle a zafin Maris na Gombe. Zai gane me ya sa ba a shafa mata basilin ko man gyaɗa, don mai cin irin wannan robar yake har ta fashe. Kube fa na fata ne, shekara goma ana zarewa ana mayarwa. Wannan sau ɗaya ne, a yar. Ga kuma na mata, shi ma kube za ka kira shi?

Bakano a Bauchi: Ku bar wa Kano aikin raɗa suna. Mutanen da ke cewa "mata na ya zo" ne za su gyara mana Hausa?

Malamin Hausa, Azare: Ai ga irinta nan. Guddiranci Hausa ce, yaro, ba aro muka yi a Kurmi ba.

Bakano a Bauchi: Allah ya huci zuciyarka, Baba. Amma ka je kemis a Wunti ka ce a ba ka kube, ka ga ko ba wurin dukawa za a nuna maka ba.

Mai shirin lafiya, Gombe: Don Allah a dawo kan magana. Na biyun fa?

Malamar Islamiyya: Ki ce "ilimin balaga da kare kai". Kunnen iyaye ya saba da balaga. A Risala ma ana karanta haila da maniyyi a gaban malami, ba wanda ya tashi. Dubi "ƙayyade iyali", yadda mutane suka guje shi har aka koma "tazarar haihuwa". Sai dai ki fara da kame kai kafin ki ambaci robar.

Ungozoma: Na yarda, Malama, amma kada kunya ta cinye bayanin. A duba ranar lalacewa a jikin ledar, kar a yage da haƙori, a matse kan don iska ta fita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in an bi ƙa'ida kwaroron roba na maza yana hana ciki kashi 98 cikin 100, amma yadda aka saba yi da sakaci, 87 ne. Ni ke ganin masu ciwon sanyi suna zuwa a ɓoye bayan sun sha jiƙo ya ƙi.

Mai shirin lafiya, Gombe: To, na ɗauki kwaroron roba. Darasin kuma zan sa "ilimin balaga", in ga ko shugaban sashe zai bar shi.

Malamin Hausa, Azare: Shirinki ne, 'yata. Ni dai a ajina kube zan ce.