Ta ƙofa Arsenal ta shiga ko ta taga? Muhawara kan ƙuri'ar 1919

Nura Chelsea: Salamu alaikum jama'a. Kullum 'yan Arsenal suna cika mana kunne wai sun fi shekara 100 ba su faɗo daga rukunin farko ba. To yau ina so wani ya faɗa min yadda aka yi suka hau. Kakarsu ta ƙarshe a rukuni na biyu, wato 1914/15, na biyar suka ƙare. Derby ce ta ɗaya, Preston ta biyu, Barnsley ta uku, Wolves ta huɗu. Aka tafi Yaƙin Duniya na Ɗaya aka dawo, sai ga Arsenal a sama, Barnsley da Wolves suna nan inda aka bar su. Ba ƙwallo ce ta hawar da ku ba, ƙuri'a ce. Mai ja ya fito.

Sadiq: Wa alaikumus salam. Nura, da sassafe haka? Wa ya taɓa ku kuma jiya?

Nura Chelsea: Ba amsa ka ba ni ba. Na biyar kuka yi ko ba na biyar ba?

Malam Habu: Sadiq, kada ka ja da shi a nan, gaskiya ya faɗa. A watan Maris na 1919 hukumar lig ta faɗaɗa rukunin farko daga ƙungiya 20 zuwa 22. Derby da Preston suka hau da guminsu. Kujera ta ƙarshe aka jefa wa ƙuri'a: Arsenal 18, Tottenham 8, Barnsley 5, Wolves 4, sauran 'yan kaɗan suka watse tsakanin Nottingham Forest da Birmingham da Hull. Amma Nura, ka yi lissafi. An ƙara kujera biyu, biyu na ƙasa ya kamata su sauka, ka ga kujera huɗu ke nan. Derby, Preston, Arsenal. Ta huɗun wa aka ba?

Nura Chelsea: Wa aka ba, Malam?

Malam Habu: Ku. Chelsea ta 19 ta ƙare a 1914/15, Tottenham ta 20. Da an bi teburi, tare za ku sauka. A wancan taron aka ce Chelsea ta zauna.

Kabiru United: Wayyo cikina! Laifi tudu ne, Nura. Ashe ɗaki guda aka raba muku kujerun kai da Sadiq.

Malam Habu: Kabiru, da ni ne kai da na yi shiru, domin ku ne silar komai. Ranar 2 ga Afrilun 1915 United ta karɓi Liverpool a Old Trafford tana gab da faɗuwa, ta ci 2-0. Tun ana wasan 'yan kallo suka ga alamun Liverpool ba ta zo da niyyar ci ba. Daga baya aka gano an zuba kuɗi masu yawa a caca kan cewa 2-0 za a tashi, kuma wasu 'yan wasan ɓangarorin biyu sun haɗa baki tun kafin ranar. Hukumar ƙwallon Ingila, FA, ta haramta wa uku na United wasa, su ne Sandy Turnbull da Arthur Whalley da Enoch West, da huɗu na Liverpool, cikinsu har da Jackie Sheldon wanda tsohon ɗan United ne. Yanzu dubi teburin: United maki 30, Chelsea 29, Tottenham 28. A lokacin maki biyu ake ba wanda ya ci wasa. Ka cire waɗannan biyun ka ga inda United take.

Kabiru United: Malam, ai binciken bai kama kulob ba. 'Yan wasa ne suka yi don aljihunsu, shi ya sa ba a zaftare mana maki ba.

Malam Habu: Haka ne, bai kama shugabanni ba. Amma makin ya zauna a hannunku, shi ya sa aka ji kunyar saukar da Chelsea. Wani ɗan gaban Liverpool, Fred Pagnam, ya ƙi shiga maganar, har ya buga wata ƙwallo ta daki ƙarfen raga ana dab da tashi, abokan wasansa suka yi masa caa. Shi wannan Pagnam ɗin Arsenal ya koma a 1919. Turnbull kuwa a fagen yaƙi ya rasu a Faransa a 1917. West ya kafe bai yi laifi ba, haramcinsa ya kai har 1945.

Nura Chelsea: To kun gani. Mu zalunci aka yi mana aka gyara. Su Arsenal wane zalunci aka yi musu?

Baba Ɗanjuma: Ku matsa 'ya'yana, mai gawa ya iso. Ni kaɗai ne ɗan Tottenham a nan, kuna yi min dariya kullum, to yau ku saurara. An taɓa faɗaɗa rukunin nan a 1905, daga 18 zuwa 20. Me aka yi? Bury da Notts County da ke ƙasa aka bar su, Liverpool da Bolton suka hau. Al'adar ke nan. Da an bi ta a 1919, Chelsea da Tottenham za su zauna, Derby da Preston su hau, 22 cif, babu ƙuri'a babu rigima. Sai aka bi al'ada a kan Chelsea, da aka zo kanmu aka ce a kawo akwati. Idan kuma an ce na ƙarshe dole ya sauka, na yarda, a ba Barnsley. Ta kowace hanya ka bi, ba ka isa kan na biyar ba.

Sadiq: Baba, da girmanka, al'ada ba doka ba ce. Ku ne kuka yi na ƙarshe, ba wanda ya sa ku. Kuma a zamanin ƙuri'a ce hanyar shiga lig ɗin gaba ɗaya. Ku kanku a 1908 zaɓenku aka yi kuka shiga rukuni na biyu. Mu tun 1893 muke ciki, mu ne ƙungiyar farko daga kudancin Ingila, lokacin da lig ɗin na mutanen arewa ne da na tsakiyar ƙasa. Shekara 15 muka riga ku. Sannan Nura ya daina nuna kamar ba mu taɓa hawa da ƙafarmu ba. A 1904 koci Harry Bradshaw ya hawar da Woolwich Arsenal, sunanmu a lokacin, na biyu muka ƙare, ba wanda ya jefa mana ƙuri'a.

Baba Ɗanjuma: Kuka kuma faɗo a 1913 da wasa uku kacal da kuka ci a kaka guda, ɗaya tak a gidanku. Ka manta wannan.

Anti Rabi: Ni 'yar Arsenal ce amma ina ganin kuna ta kewaye-kewaye. Kuna maganar teburi, alhali maganar mutum guda ce, Henry Norris. Ku tuna asalin kulob ɗin. Ma'aikatan masana'antar makamai ta Woolwich ne suka kafa shi a 1886, wani ɗan Scotland David Danskin na gaba-gaba, suka yi karo-karo aka sayi ƙwallo, suka sa masa suna Dial Square. Can kudu da kogin Thames suke, a Plumstead, wurin da zuwa ke da wuya. 'Yan kallo suka yi ƙaranci, bashi ya taru, zuwa 1910 kulob ya durƙushe. Norris, mai harkar gine-gine kuma shugaban Fulham, shi ya karɓa. Da farko so ya yi ya haɗe shi da Fulham, lig ta ƙi. Sai ya yi abin da ɗan kasuwa ke yi idan shagonsa na cikin lungu: ya kwashe kayan ya koma bakin tasha. A 1913 ya yi hayar fili a Highbury, a arewacin Landan, daga wata kwalejin horar da malaman coci, kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Gillespie Road, har da sharaɗin ba wasa ranar Kirsimeti. Tottenham da Clapton Orient suka yi ta ƙorafin an shigo musu unguwa, ba a saurare su ba. Ya narka kuɗi a filin, shekara ba ta fi ɗaya ba yaƙi ya ɓarke. Mutumin da ke cikin wannan hali, kuna zaton zai naɗe hannu ya jira teburi?

Baba Ɗanjuma: Allah ya yi miki albarka 'yata. Ƙara musu da cewa magajin garin Fulham ne, an ba shi lambar Sir a 1917, ya zama ɗan majalisa a 1918. Shugaban lig na lokacin kuma John McKenna ne, na Liverpool, ƙungiyar da 'yan wasanta huɗu ke cikin badaƙalar 1915. Ni dai na haɗa ɗaya da ɗaya.

Sadiq: Baba, haɗa ɗaya da ɗaya ba hujja ba ce. Sama da shekara 100 ana wannan zargi, ba wanda ya fito da takarda ko shaidar cewa an ba wani ko sisi. Norris kamun ƙafa ya yi, na yarda. Su ma sauran shida da suka tsaya ai neman ƙuri'ar suka yi, ya fi su iyawa ne. Kuma masu zaɓen na da nasu lissafin: zuwa Landan a buga a sabon fili kusa da tasha ya fi kawo musu kuɗin ƙofa a kan zuwa Barnsley.

Nura Chelsea: Mutumin kirki ne ke nan? To me ya sa FA ta kore shi daga harkar ƙwallo har abada?

Malam Habu: Wannan wata magana ce daban, ta ƙarshen shekarun 1920. An same shi da biyan kuɗi ta bayan fage, da biyan direbansa daga asusun kulob, da fam 125 na motar 'yan wasa da aka sayar. Ya kai ƙara kotu wai an ɓata masa suna, ya faɗi a 1929. Ba a kan ƙuri'ar 1919 aka kama shi ba. Sai dai in ka ce ya nuna halinsa, ba zan hana ka ba.

Sadiq: To ni ga inda na tsaya. Kujera aka ba mu, ba kofi ba. Bayan an hau, shekara shida Leslie Knighton na koci, me aka ci? Babu. Norris ya ɗaure masa hannu, kada ya sayi ɗan wasa da tsada, kada ya ɗauko gajere. A 1924/25 na 20 muka ƙare cikin 22, saura ƙiris mu koma inda muka fito. Wanda ya gina Arsenal Herbert Chapman ne, da ya zo daga Huddersfield a 1925 bayan ya ci musu lig biyu a jere. Ya ɗauko Charlie Buchan daga Sunderland yana da shekara 33, fam 2,000 da ƙarin fam 100 kan kowace ƙwallo da ya ci a kakar farko. A shekarar aka sauya dokar satar gida, daga 'yan baya uku zuwa biyu, ƙwallaye suka yi ta zuba. Newcastle ta zura mana 7-0 a watan Oktoba. Chapman da Buchan suka zauna, aka janyo ɗan tsakiya ya koma tsakanin 'yan baya biyu, bayan kwana biyu muka je West Ham muka ci 4-0. Muka ƙare kakar a na biyu. Sai David Jack, sai Alex James da Cliff Bastin, kofin FA a 1930, lig a 1931 da 1933. Ya rasu a Janairun 1934 amma ƙungiyar da ya bari ta ci 1934 da 1935. Wace ƙuri'a ce ta ci waɗannan?

Baba Ɗanjuma: Chapman ɗin ma ai tsohon ɗan wasanmu ne, 1905 zuwa 1907. Unguwa kun shigo mana, kujera kun ɗauke, koci ma namu ne.

Kabiru United: Kuma na ji shi ma an taɓa dakatar da shi. Gidan naku kowa da tabonsa.

Malam Habu: An yi. Leeds City da ya horar aka kora daga lig a Oktoban 1919 kan zargin biyan 'yan wasa ba bisa ƙa'ida ba lokacin yaƙi, haramcin ya haɗa da shi. Ya ɗaukaka ƙara da hujjar cewa a lokacin yana aiki a masana'antar makamai, aka janye. Shi an wanke shi, Kabiru. Naku makin har yau yana nan a teburi.

Anti Rabi: Sadiq ƙanena, ba ka tsira ba fa. Wa ya ɗauko Chapman? Norris. Me zai sa mai riƙe da kambun lig ya bar Huddersfield ya zo wurin na 20? Albashi mai tsoka, babban fili a Landan, da kujera a rukunin farko. Duka ukun Norris ne ya tanada. Da muna rukuni na biyu a 1925, ko kallonmu ba zai yi ba. Mun kafa wa Chapman mutum-mutumi a gaban Emirates, mun ji daɗin tashar Gillespie Road da ya sa aka sauya wa suna zuwa Arsenal a 1932, amma sunan Norris ba ma son a ambata. Ni ina goyon bayan kulob ɗin, kuma na ce ta taga muka shiga.

Sadiq: Anti, ta ƙofa ce. Ƙofar ce dai aka buɗe da kamun ƙafa. Ita Tottenham ɗin me ta rasa? Kaka guda ta yi a ƙasa ta dawo a 1920, ta ci kofin FA a 1921, shekara tara kafin mu taɓa shi.

Baba Ɗanjuma: Don mun warke ba shi ne ba a sare mu ba, yaro.

Nura Chelsea: Ku bar Tottenham, ita ta dawo. Barnsley da ta fi ku da maki huɗu fa? Sai 1997 ta fara ganin rukunin farko, shekara 78 bayan ƙuri'ar, kaka ɗaya ta yi ta koma. Sadiq, su za ka je ka yi wa bayanin ƙofa da taga.