Hankakin Van Gogh: ban-kwana ne ko mu muka ɗora masa?

Ɗalibar Zane:
Assalamu alaikum. An ba mu aikin gida kan zanen Vincent van Gogh, mai zane ɗan ƙasar Holland, na gonar alkama da hankaki, wanda ya yi a watan Yulin 1890 a ƙauyen Auvers-sur-Oise, kusa da Faris. Tun jiya nake ƙura masa ido a waya. Alkama ta nuna, ruwan ɗorawa, sama ta haɗa hadari, shuɗin har ya rine ya koma baƙi. Hanya ta rabu uku, ta tsakiyar ta kutsa cikin gona ta ɓace. Malaminmu ya ce ban-kwana ne, tunda a ƙarshen watan Van Gogh ya harbi kansa. Ni kuwa ba tausayi ya kama ni ba, faɗuwar gaba na ji, irin ta wanda iska ta tarar a dawa. Ko ni ce ban iya kallo ba?

Mai Buroshi:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin iya. An daɗe ana cewa shi ne zanensa na ƙarshe, amma gidan tarihin Van Gogh na Amsterdam, inda zanen yake, ya fi karkata ga wani na saiwoyin bishiya. A wasiƙar da ya rubuta wa ƙaninsa Theo wajen 10 ga Yuli, ya ce ya zana faffaɗan gonakin alkama ƙarƙashin hadari don nuna baƙin ciki da kaɗaici. A wasiƙar dai ya ce zane-zanen gonakin na nuna lafiya da ƙarfin da yake gani a karkara. Ki kai wa malaminku duka biyun, cikin ladabi.

Ɗan Kadawa:
Ni zane ban san kansa ba, alkama na sani. Tamu ta rani ce, ba ta haɗuwa da hadari. Amma amfani ya nuna, ga tsuntsu ga ruwa, ba manomin da zai yi barci. Kuma hankakin zanen nan baƙaƙe ne ƙirin, ba mai farin ƙirji irin namu ba.

Ɗalibar Zane:
Na gode, Yaya. Baba Ɗan Kadawa, ka sa na koma na sake dubawa. Abin da ya fi ɗaure min kai yanzu: hankakin nan tahowa suke ko tafiya? 'Yan layuka ne kawai baƙaƙe na buroshi, ba kai ba wutsiya. Na juya wayar a kwance, tunda faɗin zanen ya ninka tsayinsa, sai na ga kamar kaina suka nufo.